MUHAMMADU KANTA NA KABI: RAYUWARSA DA YAƘE-YAƘENSA

1.0 Gabatarwa

A farkon ƙarni na 16 ƙasar Hausa ta kasance a tsakanin manyan dauloli biyu. Daga yamma akwai Songai wadda fadarta ke Gawo a bakin kogin Kwara, daga gabas kuma ga Barno da babban birninta Gazargamu. Kowace ɗaya daga cikinsu ta fi ƙarfin kowace masarautar Hausa ta fuskar dawaki da dakaru da dukiya, kuma kowace tana kwaɗayin mallakar hanyoyin fatauci da suka bi ta Katsina da Kano da Agadas. A daidai wannan zamani ne aka yi wani barde a kwarin Gulbin Kabi wanda ya kara da daulolin nan biyu, ya kuma hana kowace abin da ta zo nema. Wannan barde shi ne Muhammadu Kanta, wanda kuma ake kira Kanta Kotal, kakan sarakunan Kabi da suka zauna Surame da Birnin Kabi, waɗanda zuriyarsu ke riƙe da sarautar Argungu har yau.

A wannan babi za a bi rayuwar Kanta tun daga asalinsa har zuwa rasuwarsa, tare da mayar da hankali ga yaƙe-yaƙen da ya yi. Abin da ake son ɗalibi ya lura da shi shi ne, ƙasar Kanta ba ta kai ta abokan gabarsa girma ko arziki ba, amma ya san yadda zai mayar da gulbi da fadama da ganuwa su zama makamansa. Duk lokacin da aka same shi a gida ya yi rinjaye, ajalinsa kuwa ya riske shi ne a can nesa da gulbin.

2.0 Inda Aka Samo Labarin Kanta

Labarin Kanta ya iso ga mutanen yau ta hanyoyi uku. Hanya ta farko ita ce littafin Tarikh al-Sudan wanda Abdurrahman al-Sa'adi, malamin Tambutu, ya kammala a wajen 1655, wato kimanin shekara 100 bayan rasuwar Kanta. Shi wannan marubuci ya kalli Kanta ne da idon mutumin Songai, don haka ya fi ambatonsa a wuraren da ya yi karo da sarakunan Gawo. Hanya ta biyu ita ce Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, wanda aka rubuta a 1812, lokacin da ake cikin yaƙi tsakanin masu jihadi da Kabawa. Hanya ta uku kuwa ita ce ruwayar baka da jerin sunayen sarakuna da fadar Kabi ta adana, waɗanda aka rubuta wasu daga cikinsu a farkon zamanin Turawa.

Waɗannan hanyoyi sun dace a kan manyan al'amura, sun kuma saɓa a kan wasu. Ko a kan sunan kansa akwai bambanci. A Tarikh al-Sudan kalmar Kanta laƙabin sarauta ce ta mai mulkin Leka, sunan mutumin kuwa Kuta, kuma an ci gaba da kiran magadansa da wannan laƙabi. A bakin Kabawa kuwa, idan aka ce Kanta, to, mutum ɗaya ake nufi, wato shi wanda ya kafa daular.

3.0 Ƙasar Kabi

Ba za a fahimci yaƙe-yaƙen Kanta ba sai an san ƙasar da aka yi su. Gulbin Rima yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato a kusa da garin Sakkwato na yanzu, sa'annan ruwan ya gangara kudu maso yamma ya wuce ta Argungu da Birnin Kabi har ya faɗa kogin Kwara. Wannan sashe na ƙasa shi ake kira Gulbin Kabi. Yana da fadama mai faɗin gaske wadda ke cika da ruwa da damina, ta kuma bar tafkuna da taɓo har cikin rani. Mutanen wurin manoman shinkafa ne da masunta, kuma gwanayen tuƙin jirgin ruwa. Makiyaya su ma sukan sauko da dabbobinsu idan ciyawa ta ƙare a tudu.

Bugu da ƙari, Kabi ita ce ƙofar ƙasar Hausa ta yamma. Ta nan ayarin fatake ke bi zuwa Gwanja neman goro, kuma gishirin Foga yana kusa da ita. Saboda maƙwabtaka da Dandi, wadda lardi ce ta Songai, an sami cuɗanya mai tsawo tsakanin Hausawa da masu magana da harshen Songai. Har yau akwai alamar wannan cuɗanya a harshe, domin kalmar Sarkawa da ake kiran masuntan manyan koguna da ita ta samo asali ne daga Sorko, sunan masuntan Songai. Ruwayar Bayajida ta sanya Kabi cikin Banza Bakwai, amma Kabawa Hausa suke yi, kuma Kabanci yana cikin kare-karen Hausar yamma. Rubutun Kebbi da ake gani a takardun gwamnati yadda Turawa suka ji sunan ne, a bakin masu ƙasar kuwa Kabi ce.

4.0 Asalinsa da Ƙuruciyarsa

Ruwayar Kabawa ta nuna cewa mahaifin Kanta, mai suna Makata, ya zo ne daga gabas ya zauna a Kuyambana, wadda a lokacin take ƙarƙashin Katsina. Aka ba shi sarautar Magaji, ya kuma auri 'yar Sarkin Katsina, wadda ita ce ta haifi Kanta. Ke nan ta wajen uwa da ta wajen uba Kanta ɗan sarauta ne. Da mahaifinsa ya rasu sai aka tsallake shi aka naɗa wani, shi kuwa ya yi fushi ya bar gida ya bi Fulani makiyaya, ya nufi yamma.

A cikin wannan yawon kiwo ne ya yi suna wajen dambe da kokawa. Ruwayar ta ce duk garin da ya sauka sai ya kayar da zakaran garin, har samari masu ji da ƙarfi suka riƙa binsa suna ɗaukarsa jagora. Da haka ya tara jama'a, ya sauka a kwarin Gulbin Kabi, ya mayar da Leka mazauninsa. Daga sunan wannan gari ne aka sami Lekawa, sunan gidan sarautar Kabi.

Muhammadu Bello kuwa ya kawo cewa Kanta bawan Fulani ne wanda ya ƙasaita. Mai karatu zai lura da cewa ruwayoyin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya, wato zaman da Kanta ya yi tare da makiyaya. Inda suka rabu shi ne matsayinsa a cikinsu, kuma kowace ruwaya ta fito ne daga ɓangaren da ke da ra'ayi a kan darajar gidan Kabi. Abin da ya fi muhimmanci ga tarihinsa na soja shi ne abin da kiwo ke koya wa mai yinsa: sanin mashaya da mashigi, da hanyoyin daji, da lokacin da ruwa ke cika da lokacin da yake janyewa, da kuma jure wa tafiya mai nisa.

5.0 Kanta a Rundunar Askiya

Askiya Muhammadu ya karɓi mulkin Songai a 1493, ya yi aikin hajji a 1497, sa'annan ya dawo ya shiga faɗaɗa daularsa. Tarikh al-Sudan ya ambaci yaƙin da ya kai Katsina a wajen 1513 zuwa 1514, da wanda ya kai Agadas a ƙasar Azbin a 1515. A wannan yaƙi na Agadas, Kanta ya fita da mutanensa a matsayin ɗaya daga cikin sarakunan da ke bin Askiya. An yi nasara, aka ɗora wa Agadas haraji, aka kuma kwaso ganima mai yawa.

A kan hanyar dawowa a 1516 ne aka sami saɓanin da ya sauya tarihin yankin. Kanta ya zuba ido a ba shi rabonsa na ganima, amma shiru. Sai ya tuntuɓi Dandi-fari, wato hakimin Dandi, wanda yake cikin manyan shugabannin rundunar Songai. Dandi-fari ya gargaɗe shi cewa idan ya kuskura ya nemi rabo a wurin Askiya za a ɗauke shi ɗan tawaye. Kanta ya haƙura, amma mutanensa ba su haƙura ba. Suka matsa masa, ya koma ya sake nema, aka sake hana shi. Daga nan sai ya janye biyayyarsa, aka gwabza faɗa tsakanin jama'arsa da ta Songai, ya koma gida a matsayin sarki mai cin gashin kansa. A 1517 Askiya ya aiko da runduna don ta ladabtar da shi, ta koma ba tare da biyan bukata ba.

Kada a ɗauki wannan rigima a matsayin kwaɗayin dukiya kawai. A tsarin yaƙin wancan zamani ba a biyan mayaƙi albashi, ganima ita ce ladansa. Shugaban da ya kai mutane fagen fama ya dawo da su hannu rabbana, to, ba zai sake kiransu su amsa ba. Saboda haka zaɓi biyu ne a gaban Kanta, ko dai ya rasa yardar Askiya ko ya rasa amanar mutanensa. Ya zaɓi ya riƙe mutanensa, kuma daga wannan shekara ta 1516 ake fara lissafin daular Kabi.

6.0 Gina Surame da Gungu da Leka

Kanta ya yi aiki a cikin rundunar Songai, ya san ƙarfinta, ya kuma san za ta dawo. Don haka babban aikin da ya sa gaba shi ne gina birane masu ganuwa a bakin fadama. Muhammadu Bello ya ambaci guda uku, wato Surame da Gungu da Leka. Surame ita ce fadar mulki. Gungu sansanin mayaƙa ne, kuma sunan kansa yana nufin tsibiri, kamar yadda ake kiran mazauna tsibiran Yawuri da suna Gungawa. Leka kuwa ta ci gaba da zama garin gidan sarauta.

Ganuwar Surame ta bambanta da ta yawancin biranen Hausa, domin an yi amfani da duwatsu tare da yumɓu wajen gina ta, aka kuma kewaye ta da rami da sarƙaƙiya. Kufan birnin yana nan a cikin jihar Sakkwato ta yanzu, kuma har yau ana ganin ragowar bangon. Gwamnatin Nijeriya ta sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964.

Akwai labarai da dama a bakin Kabawa game da wannan gini. An ce Kanta ya raba aikin ga al'ummomin da ke ƙarƙashinsa, kowace da sashenta. Azbinawa an tilasta musu su ɗauko ruwan kwaɓa ƙasa a kan raƙuma tun daga ƙasarsu. Nufawa kuma da suka makara, sai aka ce su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗanya maimakon ruwa. Haka kuma an ce yana da wani babban jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, mai matuƙa 50, wanda yake shiga ya zaga garuruwansa idan gulbi ya cika. Irin waɗannan labarai suna ɗauke da ƙarin gishiri irin na adabin baka, amma saƙonsu a fili yake: sarki ne mai tsanani, wanda ikonsa ya kai nesa, wanda kuma ya ɗauki gulbi a matsayin babbar hanyarsa.

7.0 Yaƙin Wantaramasa

An tuɓe Askiya Muhammadu daga mulki bayan ya tsufa ya makance, amma magadansa ba su manta da Kabi ba. Askiya Muhammadu Bunkan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya ƙara yawan dakarun Songai, ya kuma fito da kansa don ya yaƙi Kanta. Rundunonin biyu suka haɗu a wani wuri da ake kira Wantaramasa, aka fatattaki mayaƙan Songai mummunar fatattaka.

Bayanin da al-Sa'adi ya yi na wannan gudu yana nuna irin rawar da yanayin ƙasa ya taka. Masu gudun sun faɗa cikin taɓo, har shi kansa Askiya bai tsira ba sai da wani babban hafsansa mai sarautar Hi-koi, wato shugaban jiragen ruwan Songai, ya saɓa shi a wuya ya fitar da shi. Marubucin ya ƙara da cewa abin da ya fi damun Askiya a daren nan shi ne surutun da masu zaman hira a bayan masallacin Sankore na Tambutu za su yi idan labari ya kai musu. Shaidar da ta fito daga bakin marubucin ɓangaren da aka ci tana da nauyi ƙwarai, domin ba shi da wata riba a zuzuta Kanta.

Dalilin wannan nasara ba ɓoyayye ba ne. Ƙarfin manyan daulolin Sudan yana ga barade masu sulke da lifidi. Irin wannan doki a fili mai tauri babu mai tare shi, amma da zarar ya shiga fadama sai nauyinsa ya zama masa kaya. A nan ne 'yan baka da dakarun ƙasa, waɗanda suka san inda ake takawa da inda ake nutsewa, suke samun yadda suke so. An sake samun saɓani tsakanin Kabi da Songai a zamanin Askiya Dawuda a 1552, aka kuma ƙulla sulhu a 1553. Tun daga 1516 Songai ba ta sake mallakar Kabi ba har ta faɗi.

8.0 Faɗaɗar Daular Kabi

Da Kanta ya sami kwanciyar hankali ta yamma, sai ya juya gabas da arewa. Muhammadu Bello ya lissafa Katsina da Kano da Gobir da Zazzau da Azbin da wani yanki na Songai a cikin ƙasashen da ikonsa ya kai. Ruwayoyin Kabawa sun ƙara da Zamfara da Yawuri da Nufe.

Ya kamata ɗalibi ya fahimci abin da cin ƙasa ke nufi a wancan lokaci. Ba a cika tuɓe sarkin da aka ci a ɗora baƙo ba. Akan bar shi a kan gadonsa, ya riƙa aiko da gaisuwa ta bayi da dawaki da tufafi, ya ba da mayaƙa idan an nema, ya kuma bar fataken mai rinjaye su wuce lafiya. Irin wannan biyayya tana ɗorewa ne muddin ana jin tsoron wanda ake yi wa ita. Shi ya sa sarki irin Kanta ba ya sauka daga kan doki, domin kowace shekara akwai wanda zai gwada ko ƙarfin yana nan.

Duk da haka, tashin Kabi ya yi wa sauran ƙasar Hausa wani amfani. Daular ta zama shinge tsakanin Songai da biranen Katsina da Kano a daidai lokacin da kasuwancinsu da karatunsu ke bunƙasa. Rundunar da za ta taso daga Gawo ta nufi gabas ba ta da sukunin barin Surame a bayanta.

9.0 Yaƙi da Barno da Rasuwar Kanta

Shigar Kanta cikin al'amuran Azbin ita ce ta haɗa shi da Barno, wadda ita ma take ganin Agadas da hanyoyin hamada a matsayin nata. Ruwaya ta ce Sarkin Azbin ne ya kai kuka Barno. Bisa bayanin Muhammadu Bello, Mai Ali na Barno ya taso da babbar runduna, ya bi ta arewacin Daura da Katsina, ya wuce ta gefen Gobir, har ya sauka a Surame. Kanta ya fito ya tare shi a safiyar ranar salla. Da faɗa ya yi zafi sai ya janye yamma, ya bar ganuwa ta yi aikinta. Barebari suka kewaye birnin, suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma suka kasa shiga.

Kabawa suna ba da labarin wata dabara da aka yi a wannan kewaye. An ce an jera gawarwakin waɗanda suka mutu a kan ganuwa, riƙe da baka, an tsaga bakunansu yadda daga nesa za a ga kamar dariya suke yi. Da Barebari suka ga masu tsaron birni suna ta yi musu dariya bayan duk wahalar da aka sha, sai gwiwarsu ta yi sanyi. Ko mene ne gaskiyar wannan labari, rundunar da ta yi tafiyar watanni daga gida ba ta iya daɗewa a gindin ganuwa, saboda abincin mutane da harawar dawaki. Mai Ali ya tashi ya koma.

A nan ne Kanta ya yi abin da bai yi wa Songai ba, wato ya bi abokin gaba har gidansa. Ya tara runduna ya nufi gabas har Nguru, a cikin jihar Yobe ta yanzu, tafiyar kusan kilomita 600 daga Surame. Bello ya ce ya yi karo bakwai da Barebari, ya rinjaye su, ya kwashi ganima. A kan hanyarsa ta komawa gida, da ya iso Dugul a ƙasar Katsina, sai ya tarar da mutanen da suka yi masa tawaye. Aka yi faɗa, kibiya ta same shi. Aka ci gaba da tafiya da shi har Jirwa, a can rai ya yi halinsa. Mutanensa suka ɗauki gawarsa suka kai Surame suka rufe. Wata ruwaya ta ce an gina kaburbura da dama a kan hanya domin a ɓatar da sawu, kada maƙiya su san inda yake kwance.

Jerin sarakunan Kabi ya ba shi shekara 38 a kan mulki, wato daga 1516 zuwa 1554, wasu manazarta kuma sun sanya rasuwarsa a 1556. Abin lura shi ne, mutumin da Askiya biyu da Mai na Barno suka kasa kayarwa a bakin gulbinsa, ƙaramin faɗa ne ya ci shi a tudu, lokacin da rundunarsa ta gaji kuma take ɗauke da kayan ganima.

10.0 Kabi Bayan Kanta: Birnin Kabi da Argungu

Daular da Kanta ya bari ta fi Songai tsawon rai. A 1591 sojojin Maroko masu bindigogi suka karya rundunar Songai a Tondibi. Bayan haka Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya rubuto wa Kanta Dawuda na Kabi wasiƙa yana yi masa barazana a kan taimakon da yake bai wa 'yan gidan Askiya da suka gudo. Wannan ya nuna cewa shekaru da dama bayan rasuwar Kanta, har a arewacin Afirka ana lissafi da Kabi.

Sai dai biyayyar da aka gina a kan tsoro ba ta daɗewa bayan mai ban tsoron. A hankali ƙasashen da ke kawo gaisuwa suka daina. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Kabawa da yaƙi, Adar ta fita daga hannunsu. A farkon ƙarni na 18 Zamfara da Gobir da Azbin suka haɗa kai suka karya Kabi, aka bar Surame ta zama kufai. Sarkin Kabi Tomo ya gangara kudu ya kafa sabuwar fada a Birnin Kabi, ita ma a bakin fadama.

A watan Afrilu na 1805 rundunar jihadi a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a 1826. Isma'ila Karari ya riƙe Argungu har 1831, lokacin da aka ci garin, shi ma aka kashe shi. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekara 18 a hannun Sakkwato, sa'annan a 1849 ya koma ya tayar da Kabawa, ya haɗa kai da Arawa da Zabarmawa da Dandawa, ya mayar da Argungu fadar Kabi. Daga wannan shekara har zuwan Turawa, Sakkwato da Gwandu ba su sake cin Argungu ba, duk da yaƙe-yaƙen da aka yi a zamanin Abdullahi Toga da na Sama'ila ɗan Nabame, wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915. Makaman da suka dogara da su kuwa su ne dai na kakansu: ganuwa da fadama da sanin ruwa.

Gabar ta zo ƙarshe a zamanin Turawa. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci Argungu, aka shirya masa kamun kifi, wanda daga shi ne bikin kamun kifi na Argungu ya samo tsarinsa na yanzu. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun da duniya ke adanawa a 2016. An buɗe gidan tarihi na Kanta a tsohuwar fadar Argungu a 1958, inda aka ajiye makamai da tambura da kayan sarautar Kabi. Birnin Kabi kuwa ta zama mazaunin Sarkin Gwandu, ta kuma zama babban birnin jihar Kebbi tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991.

11.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Muhammadu Kanta ya tashi daga ɗan sarautar da aka tsallake, ya zama makiyayi kuma ɗan dambe, ya zama jagoran mayaƙa a rundunar Askiya, sa'annan ya kafa daular da ta tsaya tsakanin Songai da Barno. An ga cewa tawayensa na 1516 ya taso ne daga haƙƙin mutanensa, kuma nasarorinsa a Wantaramasa da Surame sun samu ne saboda ya sa abokan gaba sun yi yaƙi a inda shi ya zaɓa. An kuma ga iyakar irin wannan ƙarfi, domin ƙasashen da ya ci da takobi sun kuɓuce wa magadansa, amma kwarin gulbin da ya gina wa ganuwa ya zauna a hannun zuriyarsa, ana korarsu daga wannan birni suna kafa wani, daga Surame zuwa Birnin Kabi, daga Birnin Kabi zuwa Argungu. Shekara 500 ke nan da ɗoriya tun bayan da aka hana Kanta rabon ganimar Agadas, kuma har yau Sarkin Kabi ake kiran mai riƙe da sarautar gidansa.

Tambayoyin Bita

1. Kawo hanyoyi uku da aka samo labarin Kanta, ka bayyana ra'ayin da kowace take ɗauke da shi.
2. Me ya haddasa saɓani tsakanin Kanta da Askiya Muhammadu a 1516?
3. Yi bayanin yadda yanayin ƙasar Kabi ya taimaki Kanta a yaƙin Wantaramasa da kewayen Surame.
4. Wane saƙo ne labaran baka na ginin Surame suke isarwa game da halin Kanta da faɗin ikonsa?
5. Bi sawun fadar Kabi daga Surame zuwa Argungu, tare da kawo shekaru da dalilan kowace ƙaura.